Baƙo a Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa na Landan

Tun shekarar 1945, sa'ad da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa da waɗansu malaman Arewa suka tafi Jami'ar Landan neman ilmin koyarwa, mutanenmu ba su daina zuwa birnin nan kwas ba. Mu da Allah ya nufe mu da zuwa mun san abin da ya fi tsorata baƙo ran farko, watau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Har akwai waɗanda kan ƙarar da guzurinsu wajen biyan tasi don gudunsa. Mu dai a ganinmu duk wanda ya iya karanta taswira ba shi da dalilin wannan tsoro.

An buɗe hanyar nan a 1863, tsakanin Paddington da Farringdon, tafiyar da ba ta cika mil 4 ba, jirgin kuwa mai aiki da kwal ne, hayaƙi ya cika rami. A 1890 aka fara sa na lantarki. Yanzu layi 11 ne, da tasha 272, tsawonsu duka wajen mil 250, ko da yake fiye da rabi a sarari suke. Tashar Hampstead zurfinta ƙafa 192 ne. Can ƙasa babu rana, babu itace, babu hasumiya da mutum zai yi alama da ita.

To, yaya baƙo zai yi? Wani mazayyani, Harry Beck, shi ya warware wannan da taswirar da aka buga a 1933. Ya lura fasinja ba ruwansa da lanƙwasar hanya, abin da ya ke so ya sani shi ne tashar da ke biye, da inda zai sake jirgi. Saboda haka ya miƙe layukan, ya jera tashoshi a kai. Kowane layi da launinsa: Central ja, Northern baƙi, District kore, Piccadilly shuɗi. Wanda ya sauka filin jirgin sama na Heathrow, in Jami'a za shi, sai ya shiga shuɗi, kada ya motsa sai Russell Square. In unguwar bankuna ya nufa, sai ya sauka Holborn, ya bi allon da ya nuna jan layi mai zuwa gabas, ya ƙirga tasha uku, ga shi a Bank.

Wani zai ce, ai matambayi ba ya ɓata. Gaskiya ne a kasuwar Kurmi, inda za ka yi sallama a amsa, har a sa yaro ya raka ka. Amma can, da ƙarfe takwas na safe, kowa sauri ya ke yi, wanda ma ya tsaya hagu bisa matakala mai tafiya da kanta ya tare wa mutane hanya, don dama ce wurin tsayawa. An riga an rubuta amsar kowace tambaya a bango, saura mai karantawa.

Sai dai a kula, taswirar nan ba ta nuna nisa. Tsakanin Leicester Square da Covent Garden bai wuce yadi 300 ba, wanda ya taka da ƙafa ya kan riga wanda ya sauka rami isa. Mai hankali ya kan haɗa ta da taswirar tituna.

Abin da ya sa muka kawo wannan magana shi ne, mun sha ganin ɗalibi a kwalejin horon malamai ya haddace sunayen kogunan duniya, amma in aka miƙa masa taswirar garinsu, aka ce ya nuna hanya daga kasuwa zuwa asibiti, sai ya yi zuru. Laifin namu ne, mu da muka koya masa labarin ƙasa kamar karatun aku. Abin kuwa ya matso kusa, gama Legas ta buɗe jirginta na cikin gari a 2023, shi ma launinsa aka sa masa suna.

Muna roƙon malamai su fita da yara waje, su sa su zana hanyar gida zuwa makaranta, su kuma koya musu duba takardar lokutan jirgi. Akawuna ma, in za su rubuta sanarwa ko allon ofis, su tuna da baƙon da ba shi da mai yi masa jagora. Allah ya sa mu gane, amin.