Ritaya Ba Mutuwa Ba Ce

Ya 'yan'uwana matasa, a 2022 doka ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65, amma har yau wasu ma'aikata na rantsuwar ƙarya a kotu don rage shekarun haihuwarsu. Subhanallah! Tsoron me ake yi? Ni na fi ganin mutuncin dattijon da ke ban ruwan tumatir a bakin Kubanni cikin sanyin hunturu, ya sayar a Kwangila, ya sha shayinsa da kuɗin halal. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ko tsuntsu ya ci shukar Musulmi, sadaka ce gare shi. Ku koyi lambu tun yanzu, kada kujerar ofis ta sa ku sayar da lahirarku. Allah Ya sa mu dace.