Kamfani ya ɗauki matuƙi aiki, sai kuma ya ce ya biya kuɗin horonsa

Malam Edita,

Ɗan ƙanena ya kammala koyon tuƙin jirgin sama a makarantar Zariya, wadda aka kafa a 1964. Kafin ya kai nan, sai da muka sayar da shanu a kasuwar Badaguishiri, muka haɗa da kuɗin albasar shekaru. Muka ɗauka wahala ta ƙare.

Ashe da sauran rina a kaba. Lasisin makaranta bai isa ba, kowane babban jirgi yana da nasa horo da jarrabawa, galibi a ƙasar waje. Wani kamfanin jiragen shata ya ce zai ɗauke shi, amma sai yaron ya biya kuɗin wannan horo daga aljihunsa, ko a ranta masa ya sa hannu ba zai bar aiki ba sai bayan shekaru. Jirgin nasu ne fa, ribar ma tasu.

Ba kuɗin kaɗai ke damuna ba. Matuƙin da bashi ya yi wa katutu, yaya zai iya cewa ba zai tashi ba idan hazo ya rufe filin jirgin Tawa, ko ya ji injin bai kwanta masa a rai ba? Tsoron kora zai rufe masa baki, alhali rayukan mutane na hannunsa, har da alhazanmu.

A Yamai muna da makarantar EAMAC, amma masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi take horarwa, ba matuƙa ba. Ina roƙon ANAC, hukumar kula da sufurin jiragen sama, ta tilasta wa duk kamfanin da ke ɗaukar fasinja a Nijar ya biya kuɗin horon matuƙansa.

Mai karatunku,
Badaguishiri, jihar Tawa