GILASHIN BAYAN MOTA: KWALI DA LEDA BA SU ISA BA

Duk wanda ya tsaya bakin tasha da sassafe, ko ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ran kasuwa, ba zai rasa ganin abin da za mu yi magana a kansa yau ba. Ga mota ta wuce fal da mutane, gabanta tsaf, amma in ka waiwaya ka dubi bayanta sai ka tarar inda gilashi ya ke a da an cusa kwali, ko an shimfiɗa baƙar leda an bi ta da salatif, iska na kaɗa ta kamar tutar makaranta. Wani ma ba ya wahalar da kansa, sai ya bar wurin wayam. In ka tambayi direba ya ce maka ai satin nan za a gyara. Wata uku in kun sake gamuwa ledar tana nan, sai dai an sake mata salatif.

Mun san wasu za su ce wannan ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata masa shafin jarida ba, ga manyan al'amura birjik a ƙasa. To, mu dai ba mu ɗauke shi ƙarami ba, don kuwa waɗanda ke zaune a kujerar baya galibi mata ne da yara da tsofaffi, watau waɗanda ba a shawarta da su sa'ad da aka yanke cewa gyaran ya dakata ba.

Bari mu fara da bayyana abin da mutane da yawa ba su sani ba, har da wasu da suka tsufa a tuƙi. Gilashin gaba da na baya ba iri ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne aka haɗa, da wata siririyar roba a tsakani wadda ta riƙe su. Wani Bafaranshe masanin haɗa magunguna, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar wannan dabara a 1909. Shi ya sa in tsakuwa ta buge shi sai ya tsage kurum ya tsaya a wurinsa, har in tsagar ƙarama ce gwani ya kan ɗura mata wani irin gam ya hana ta tafiya. Na baya kuwa, a galibin motoci, falle ɗaya ne wanda aka gasa. A kan zafafa shi har ya wuce digiri 600, sa'an nan a feso masa iska mai sanyi farat ɗaya. Fatarsa ta daskare nan take, cikinsa kuma ya huce a hankali yana janyo fatar, sai gilashin ya zauna a ɗaure tamau kamar fatar ganga. Wannan ɗaurin shi ke ba shi ƙarfin da ya ninka na gilashin taga wajen sau huɗu ko biyar. Amma ran da wani abu mai tsini ya huda fatar nan, ko gefensa ya ɓantare, ɗaurin duka ya kan kwance a lokaci guda, gilashin ya zube ƙanana ƙanana kamar tsakuwar ƙanƙara. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya karye dogo dogo da kaifi ya yanka mutum.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Na fari, gilashin baya ba ya gyaruwa. Duk wanda ya ce maka kawo ya liƙe, kuɗinka ya ke so. In ya fashe sai sabo. Na biyu, ba a yanka shi, ba a huda shi bayan an gasa. Sabo da haka in mai sa gilashi ya ce yana da wani babba zai rage maka shi ya yi daidai da motarka, ka san abin da zai yanka ba gasasshe ba ne. In gilashin taga ne na gini, to ka sayi wuƙaƙe ka rataye su a ƙeyar 'ya'yanka. Ran da aka taka birki da ƙarfi kaya suka zame suka buge shi, ko wata mota ta daki taka daga baya, a ranar za ka san bambancin.

Sai mu komo kan kwali da leda. Aibin da kowa ya gani shi ne direba ba ya ganin bayansa. Madubin da ke rataye a tsakiya ya zama ado. In zai yi ribas cikin unguwa sai lalube, ga yara ƙanana na wasa a ƙofar gida, ga awaki, ga masu babur da ba su san haƙuri ba. Wani zai ce ai manyan motoci ba su da gilashin baya, kuma suna tafiya lafiya. Gaskiya ne. Amma su an ƙera su a kan haka, da manyan madubai dama da hagu, kuma yaron mota ya kan sauka ya duba wa direba baya. Ƙaramar motar da madubinta na gefe ɗaya ya karye tun bara ba ta cikin wannan lissafi.

Aibin da ba a gani shi ya fi ba mu tsoro, kuma a kansa mu ke so masu karatu su tsaya. Sa'ad da mota ke gudu, iskar da ta tsaga ba ta komawa ta haɗe nan da nan a bayanta; wani ɗan wuri ya kan rage inda iska ke juyawa tana komowa jikin motar. Shi ya sa ka ga bayan mota ya fi ko'ina ƙura. To, bakin salansa a nan ya ke zubar da hayaƙinsa. In bayan mota a rufe ya ke, hayaƙin ya watse. In akwai kafa, sai ya biyo ta ya shigo, musamman a irin motocin nan da ƙofar kayansu ke haɗe da gilashi, da ƙananan bas bas na haya. Cikin hayaƙin nan akwai wata guba da masana ke kira kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga huhu ta kan kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, jinin ya kasa kai wa ƙwaƙwalwa abincinta. Ita ce dai gubar nan da ke kashe iyali guda cikin dare in an kwana da janareta a ɗaki, abin da ba baƙo ba ne a kunnen kowa a ƙasar nan. Alamarta ta fari ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da gyangyaɗi. Uwa ta ga ɗanta ya yi laƙwas a cinyarta ta ce gajiyar hanya ce. Direba ya ji idonsa na nauyi ya ce rashin goro ne. Leda da salatif ba su tare wannan, don ko yaushe akwai inda suka ɗago, kuma injin da ya tsufa ya fi sabo fitar da gubar.

Ba sai mun daɗe kan sauran ba, kowa ya san su: ƙurar hunturu, ruwan damina da ke jiƙa kujeru ya kwanta ƙarƙashin darduma har ƙarfe ya yi tsatsa, da ɓarawon da aka sauƙaƙa wa aiki.

Adalci ne mu faɗi uzurin direba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, abin da kowa ya ji a jikinsa, sa'an nan aka saki naira a watan Yuni na wannan shekara, kayan mota da a ke shigowa da su daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Mutumin da ke tuƙa motar wani, wanda sai ya kai balas da yamma kafin ya san abin da zai kai gida, ba ya jin daɗin a ce masa ya ajiye mota yini guda ya kuma biya kuɗin gilashi. Inshorar da yawancinmu ke yanka, wadda aka mai da kuɗinta naira 15,000 ga ƙaramar motar gida daga Janairun 2023, ta ɓarnar da ka yi wa wani ce. Ba ta biyan gilashinka. Sai babbar inshora ke ɗaukar wannan, masu ita kuwa ba su da yawa. Duk mun yarda. Amma fasinja ya biya kuɗin mota cikakke, ba a rage masa ko kwabo don bayan a buɗe ya ke ba. Mai motar da ke karɓar balas kullum, a wuyansa wannan nauyi ya ke kafin direba.

Ga wanda ya yi niyyar gyara, akwai abin lura tun daga kasuwa. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka je, ko Panteka ta Kaduna, ko Ladipo ta Ikko, za ka sami sabo, za ka sami na gwanjo wanda aka ciro daga motocin waje, da ake ce wa Beljiyam. Ba mu ga laifin na gwanjo ba in lafiyayye ne. Sau da yawa ma ya fi sabon da ba a san asalinsa ba. Abin dubawa shi ne hatimin da ke can kusurwar gilashin. Na kirki ba ya rasa sunan maƙera da alamar gwaji. Na Turai yana ɗauke da harafin E cikin da'ira tare da lambar ƙasar da ta gwada shi, 1 ta Jamus, 2 ta Faransa, 6 ta Beljiyam, 11 ta Ingila, kusa da shi kuma an rubuta 43R. Na Amurka yana da DOT da AS2. Wanda ba shi da hatimi ko kaɗan, bar shi ko da kyauta ne. Sa'an nan ka shafa gefunansa da yatsa ko'ina, don ɗan ɓantare kamar ƙwayar gero ya isa ya sa gilashin ya tarwatse wata rana da tsakar rana, mota na ajiye ba wanda ya taɓa ta, a yi ta zargin yaran maƙwabta a banza.

Ka kuma dubi siraran layukan nan da ke kwance a jikinsa. Wayoyi ne da ke ɗumama gilashin su kore raɓa. Mutumin Sakkwato zai iya shekara bai taɓa maɓallinsu ba, amma mai tashi da asuba a Jos ko kan tsaunin Mambila ya san amfaninsu, haka kowa ma in ruwa ya tsuge aka rufe tagogi numfashi ya dushe gilashi. A wasu motoci eriyar rediyo ma a cikin layukan nan ta ke, wasu kuma suna da ramin waifa. Kowace mota da nata, har shekarar ƙira na sa bambanci, don haka tafi da lambar jikin motarka, kada ka dogara da cewa ai kusan ɗaya ne.

Wajen sawa kuma zamani ya sake. Dattawan makanikai sun tuna Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975: roba ce ke riƙe da gilashi, a zagaya igiya cikin robar, ɗaya na dannawa daga waje ɗaya na jan igiya daga ciki, kafin shayi ya huce an gama. Motocin yanzu manne gilashin a ke yi da jikin ƙarfe da wani baƙin gam mai ƙarfi na musamman, har gilashin ya zama yana taimakon jikin motar wajen tsayawa daram. Aikin yana son a kankare tsohon gam a bar ɗan siriri, a shafe duk inda wuƙa ta karce fenti da maganin tsatsa, a zuba sabon gam layi ɗaya ba yankewa, a ɗora gilashi sau ɗaya. Mai gaggawa ya kan tsallake maganin tsatsa, mai son riba ya kan sa farin gam irin na bahon wanka. Duka biyu ba a ganin aibinsu ran da aka biya kuɗi, sai damina ta zo. Bayan an sa, gam yana bukatar lokaci ya kama, wani awa ɗaya, wani yini guda, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin kwalinsa. Cikin wannan lokaci a bar taga ɗaya a ɗan buɗe don kada bugun ƙofa ya tura gilashin waje, kada a kai wanki, kada a faɗa hanyar gargada. Kuma a sa a share tsakuwar tsohon gilashin sarai daga lungun kujeru da wurin kaya, don yaro mai rarrafe komi ya tsinta baki ya ke kai wa. Wanda ke sha'awar liƙa baƙar leda a sabon gilashinsa ya tuna akwai dokar 1991 da ta hana duhunta gilashin mota sai da izinin 'yan sanda.

In larura ta sa dole a motsa mota kafin a sami gilashi, a sa leda mai haske wadda a ke gani ta cikinta, a buɗe tagogin gaba iska ta riƙa ratsawa, kada a ɗauki kowa a baya, tafiyar kuma ta zama daga gida zuwa wurin mai gyara.

Saura hukuma. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba lafiyar motoci na jihohi, suna tsaye a kan hanyoyin da motocin nan ke bi kullum. Ba mu ce a ƙwace motar talaka ran da tsautsayi ya same shi ba. Abin da mu ke so shi ne a ba shi takarda da wa'adi, mako ɗaya ko biyu, ya gyara ya kawo a gani. In wa'adi ya cika bai yi ba, sa'an nan doka ta hau kansa. Hukumar kula da ingancin kaya kuma ta riƙa leƙa inda a ke sayar da gilashi, ta raba mai hatimi da marar hatimi, don mai saye ba shi da na'urar gwaji.

Amma waɗanda suka fi kowa iko a nan su ne shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, don ba motar da ke lodi sai da yardarsu. Suna karɓar kuɗi a kan kowace mota kowace rana. Muna roƙonsu su ware wani abu daga ciki ya zama asusun ramce, wanda gilashinsa ya fashe a ba shi ya gyara a ranar ya riƙa biya kaɗan kaɗan, sa'an nan su kafa sharaɗi cewa motar da bayanta ke toshe da kwali ba ta shiga layi sai ta gyara.