Maganin Raɗaɗi Marar Sa Maye: Binciken Da Bai Kamata Ya Wuce Najeriya Ba

Duk wanda ya taɓa jinyar mai cutar sikila, ko dattijuwar da ciwon gaɓɓai ya hana ta barci, ya san darajar maganin raɗaɗi. Matsalar ita ce magunguna masu ƙarfi irin su tiramadol da kodin suna kama mutum har ya kasa rabuwa da su. Shi ya sa a shekarar 2018 gwamnatin Najeriya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sai dai haramci ba ya kwantar da ciwo. Abin da ake buƙata shi ne maganin da zai kashe raɗaɗi ba tare da ya bugar ba, kuma neman sa yana farawa ne daga wasu ƙananan furotin da ke jikin ɗan Adam.

A jikin jijiyoyi da sauran ƙwayoyin halitta akwai furotin masu karɓar saƙo. Su ne ke jin zafi ko rauni, su tura labari zuwa ƙwaƙwalwa. A shekarar 1997 David Julius da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka gano wanda ake kira TRPV1, wanda yajin barkono ke tayarwa, haka ma zafin da ya kai kimanin digiri 43. Wannan aiki ya sa ya samu kyautar Nobel ta 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Ba a yanka mutum don a ciro waɗannan furotin. Masana kan ɗauki ƙwayar gadon da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin ɗin, su dasa ta cikin ƙwayoyin halittar da ake rainon su a ɗakin gwaji, sai su riƙa samar da irin na ɗan Adam. Da shi ake gwada dubban sinadarai, a ga wanne ya toshe ƙofar saƙon ciwo, tun kafin a kai ga dabba ko majiyyaci.

Wani lokaci furotin ɗin da kansa ne ke zama magani. Allurar Enbrel, wadda Amurka ta amince da ita a 1998 don amosanin gaɓɓai, an haɗa ta ne da sashen furotin mai karɓar sinadarin TNF, wanda ke rura kumburi. Tana cafke sinadarin tun bai isa inda zai yi ɓarna ba.

Amma nasara a ɗakin gwaji ba ita ce waraka ba. Wasu sinadaran da suka toshe TRPV1 sun ɗaga zafin jikin mutanen da aka gwada su a kansu, aka dakatar da su. A 2021 kamfanonin Pfizer da Eli Lilly sun yi watsi da maganin tanezumab saboda yana hanzarta lalacewar gaɓɓai a wasu majiyyata. Duk da haka haƙuri ya biya: a Janairun 2025 Amurka ta amince da Journavx, maganin da ke tare saƙon ciwo a jijiya, ba dangin kodin ba ne.

A nan ne ya kamata Najeriya ta yi karatun ta-natsu. Ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila ba ta da hujjar zama 'yar kallo. Cibiyar NIPRD da ke Abuja ta taɓa samar da Niprisan daga tsirrai, kuma akwai saiwoyi da ɓawon itatuwa da dama da ake sha don ciwon jiki waɗanda za a iya gwada su a kan waɗannan furotin, a tantance mai amfani da mai cutarwa.

Aikin yana buƙatar lantarki marar yankewa, da firji mai tsananin sanyi, da masu bincike da ake biya a kan kari. Ya kamata TETFund ta ware kuɗi na shekaru masu yawa ga ɗakunan gwaji ƙalilan da za su ƙware a wannan fanni, maimakon a yayyafa wa kowace jami'a abin da ba zai isa ba. Yaƙi da shaye-shaye ba zai cika ba muddin mai ciwon gaske ba shi da zaɓin da ya wuce tiramadol.