Sabunta Manhajar Auna Gonaki Ba Irin Sabunta WhatsApp Ba Ne

Idan waya ta ce a sabunta WhatsApp ko TikTok, yawancinmu dannawa kawai muke yi mu ci gaba da harkokinmu. In sabon salon bai yi mana ba, mu yi ƙorafi na kwana biyu mu saba. Amma akwai manhajojin da sabunta su kan iya sauya wanda zai samu kuɗin gwamnati da wanda zai koma jiran baɗi. Manhajar taswira da ake jera gonaki da ita a Amurka tana cikinsu, kuma a ganina duk matashin da ke koyon rubuta manhaja ya kamata ya san labarinta.

Ga yadda abin yake. A jihar Fensilbaniya, masu zaɓe sun amince a 1987 a ciwo bashin dala miliyan 100 don kare gonaki daga masu yanka filaye, shirin kuma ya samu doka a 1988. Gwamnati ba ta sayen gonar. Abin da take saya shi ne haƙƙin yin gini a kanta. Manomi zai ci gaba da noma, zai iya sayarwa ko ya bar wa 'ya'yansa gado, amma ba za a mayar da ita unguwa ba har abada. Zuwa yanzu jihar ta kare fiye da eka 600,000 ta wannan hanya.

Matsalar ita ce masu nema sun fi kuɗin yawa, don haka dole a jera su. Ana amfani da wani tsarin ba da maki mai suna LESA, wanda Ma'aikatar Noma ta Amurka ta fito da shi a 1981. Ana duba ingancin ƙasar gonar, da girmanta, da irin barazanar gine-gine da ke kusa da ita, da kusancinta da gonakin da aka riga aka kare. A da da takarda da biro ake wannan lissafi. Yau manhajar taswira ce ke ɗora bayanan ƙasa a kan iyakokin gona, ta auna nisa, ta fitar da maki.

Shekaru da yawa ofisoshin taswira sun dogara da ArcMap na kamfanin Esri. Kamfanin ya tsayar da shi a kan 10.8.2, ya kuma sanya 1 ga Maris 2026 a matsayin ranar daina tallafa masa, yana tura kowa zuwa ArcGIS Pro. Nan ne gizo ke saƙar. ArcMap yana aiki da Python 2.7, shi kuwa ArcGIS Pro yana aiki da Python 3. Harshen ɗaya ne a suna, amma lissafinsu ya bambanta a wasu wurare. A Python 2, idan ka raba 7 gida 2 za ka samu 3, domin yana zubar da ragowar. A Python 3 za ka samu 3.5. Haka kuma idan ka ce a mayar da 2.5 cikakkiyar lamba, tsohon zai ba ka 3, sabon ya ba ka 2.

Mu ƙaddara gonaki biyu, ana auna su da ma'auni uku, ana raba makin kowane ma'auni gida 3 kafin a haɗa. Gona ta farko tana da 80, 80, 80. Ta biyu tana da 81, 78, 78. A tsohon tsari ta farko za ta tashi da 78, ta biyu da 79. A sabon tsari ta farko za ta samu 80, ta biyu tana nan a 79. Ba a ƙara taki ba, ba a matsar da shinge ba, ba wanda ya taɓa doka, amma na gaba ya koma baya. Kuma babu jan rubutu da zai fito a allo ya ce an samu kuskure. Manhajar za ta gudu lafiya lau, ta miƙo jeri mai tsafta.

Wani zai ce ai sabon lissafin ya fi daidai, to mene ne abin damuwa? Gaskiya ne ya fi daidai, kuma ban ce a maƙale wa tsohuwar manhaja ba. An daina gyara Python 2 tun 1 ga Janairu 2020, kuma barin bayanan jama'a a kan manhajar da ba a toshe ɓarakarta ganganci ne. Abin da nake cewa shi ne, idan sabuntawa ta sauya jerin gonaki, to ta zama sauyin manufa, kuma sauyin manufa ba hurumin mai rubuta manhaja ba ne shi kaɗai. Manomin da ya shekara uku a layi yana da haƙƙin sanin dalilin da aka wuce shi.

Saboda haka duk ofishin da zai yi irin wannan ƙaura ya kamata ya ɗauki bayanan bara ya zuba su a tsohuwar manhaja da sabuwa, ya kwatanta sakamakon gona bayan gona, ya bi sawun kowane bambanci har ya gano tushensa. Kada a sabunta manhaja da bayanan ƙasa a rana ɗaya, domin in maki ya motsa ba za a san wanne ne sila ba. Sannan a rubuta ƙa'idar ba da makin da harshen da kowa zai gane, a fitar da ita fili, ta yadda ɗalibi mai QGIS, wadda kyauta ce, zai iya maimaita lissafin a kwamfutarsa. Masu tsoron kada mutane su koyi yi wa tsarin dabara su tuna cewa ba a sauya nau'in ƙasar gona da wayo. Ɓoye lissafi kuskure yake karewa, ba gona ba.

Mu ma a nan abin ya shafe mu. Kaduna tana da KADGIS, Kano tana da KANGIS, Abuja tana da AGIS, duk suna ajiye bayanan filaye a kwamfuta. Tsofaffin taswirorin Najeriya an zana su ne a kan ma'aunin Minna, GPS ɗin wayarka kuwa yana bin WGS84. In aka haɗa biyun ba a daidaita ba, iyaka kan iya gocewa da mitoci masu yawa, kuma kowa ya san abin da taku biyu kan jawo tsakanin maƙwabta a gona.

Don haka idan wata rana aka ba ka kwangilar mayar da tsohuwar manhaja sabuwa, kada ka ce ka gama don kawai ta buɗe ba ta maƙale ba. Ka nemi sakamakon bara tukuna, ka gwada, ka ga ko sunan wani ya sauka daga inda yake.