"Ana Neman Yaro Mai Amana": To, Nawa Ne Albashin?



Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Samarinmu sun tashi tsaye, alhamdu lillahi. Wannan ya buɗe shagon POS, wancan ya sayi babura uku yana kai saƙo daga Bodija zuwa cikin gari, wani yana ƙulla kilishi a leda mai tambari yana sayarwa ta intanet. Har rajista suke yi da CAC. Muna murna. Amma ranar da ɗayansu ya tashi neman ma'aikaci, sai ka ga layi biyu a WhatsApp ko a bangon masallaci: "Ana neman yaro mai amana da ƙwazo. Albashi sai an zo." Wane aiki? Daga ƙarfe nawa zuwa nawa? Oho.

Kwanakin baya, bayan sallar la'asar, aka kawo mana ƙara. Wani yaro ya baro garinsu a Arewa saboda irin wannan saƙo, kuɗin motar ma bashi ya ci. An ce masa jiran shago ne. Da ya zo, shi ne mai jiran shago, shi ne mai kai kaya, shi ne mai gadi da dare. Bayan wata uku ya nemi haƙƙinsa. Maigidan ya ce ai yana ciyar da shi, ya ba shi wurin kwana, kuma ya yi masa alkawarin idan kamfani ya tsaya da ƙafarsa zai ga alheri. Yaron ya ce shi albashi ya zo nema. Muka nemi shaida, babu. Kuma wallahi mun yi imani kowannensu abin da ke ransa ya faɗa. An yi sulhu dai, amma har yau gidajen nan biyu gaisuwa sama-sama suke yi.

Tun muna Islamiyya aka karantar da mu babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki da lada. Sharaɗinsa a fili yake: a san aikin, a san ladan, a san tsawon lokacin, tun kafin a fara. Ku duba ƙissar Annabi Musa (AS) a Madyana cikin Suratul Ƙasasi. An yabe shi da ƙarfi da amana, haka ne. Amma dattijon da ya ɗauke shi ya yanka masa shekara takwas, goma in ya ga dama, ya kuma faɗa masa abin da zai samu. Mu kuwa mun riƙe rabin ƙissar: muna son mai amana, ba ma son faɗin lada.

Mun san amsar da za a ba mu: ai iyayenmu a fataucin goro da shanu ba su rubuta wa yaransu komai ba. Gaskiya ne. Tun da aka kafa Sabo a 1916, maigida da yaronsa da baki suke ƙullawa. To amma kowa ya san abin da ke kan maigida. Zai ciyar da yaro, ya yi masa sutura, ya yi masa aure, ƙarshe ya ba shi jari ya tsaya da kansa. In ya saɓa, ga dattawa, ga fadar Sarkin Hausawa. Kai da kamfaninka bai kai wata shida ba, shagon ma haya ne, wa za ka aurar? Kana son biyayya irin ta da, ba ka ɗauki nauyi irin na da ba. Wannan ci da gumin wani ne.

Wasu kuma su ce kamfanin jariri ne, in an rubuta albashin ba wanda zai zo. To in bai zo ba, ai ya hutar da kai rigimar gaba. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi a kan N70,000, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Ke nan in N40,000 za ka iya, rubuta N40,000, mai so ya zo da idonsa a buɗe. Ka sani kuma dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa. In kuwa kaso za ka ba shi daga riba, a faɗi kason da sunansa, rabi ne ko sulusi, kamar yadda malamai suka shar'anta a ƙiradi. "Idan Allah Ya buɗa" addu'a ce mai kyau, amma ba a biyan kuɗin haya da ita.

Masu cewa takarda rashin yarda ce tsakanin 'yan uwa, su tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka umarta.

Akwai kuma masu kwafo sanarwar manyan kamfanoni da Turanci, su ce sai mai digiri da gogewar shekara biyar, alhali jiran POS ne. Mai digirin ba zai daɗe ba, yaron da ya iya lissafi kuma ya tsorata bai nema ba. Masu karɓar "kuɗin fom" daga hannun wanda ba shi da aiki kuwa, su ji tsoron Allah.

Sanarwa mai kyau ba ta da wuya. Faɗi sunan kamfanin da inda yake. Faɗi ayyukan da mutum zai yi kullum, ɗaya bayan ɗaya, har da masu wahalar. Faɗi lokacin zuwa da na tashi, da ranar hutu, da albashi a lamba, da ranar biya. In akwai abinci ko wurin kwana, a bayyana ko a cikin albashin suke. In sai mai jin Yarbanci, ko mai lasin tuƙi, ko mai wanda zai tsaya masa, a rubuta. In kuɗi ya ɓace ko aka turo alat na bogi, wa zai ɗauka? A yanke tun yanzu. In 'yan mata ake nema, lokacin tashi da wurin aikin su ne farkon abin da iyaye za su tambaya. Wanda ya nema ba a ɗauke shi ba, a sanar da shi, kada ya yi ta jiran gawon shanu.

Mu dai daga yau, duk wanda ya kawo mana sanarwar da ba aiki ba lada a ciki don mu karanta bayan salla, za mu mayar masa ya cike. Kuma ba za mu tsaya wa yaron kowa ba sai mun ga abin da aka yanka masa. Muna roƙon sauran limamai da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su duba wannan.

Allah Ya sa wa kasuwancin samarinmu albarka, Ya tsare mu da cin haƙƙin wani. Amin.