Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jigawa Kan Naƙudar Dare a Aujara

Mai girma Gwamna, Malam Umar Namadi,

Na rubuto ne a kan matan Aujara da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙaramar hukumar Jahun.

Ranka ya daɗe, matan nan ba su ƙi asibiti ba. Duk wanda ya leƙa ranar awo zai tarar da layi, wata ga goyo ga ciki, wata ta tako tun da asuba. Ranar haihuwa ce ake nemansu a rasa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan mace ɗaya cikin biyar ce ke haihuwa a asibiti a Jigawa. An saba ɗora laifin a kan kunya da al'ada, kuma ba ƙarya ba ne, har yanzu akwai gidan da ake yabon yarinya don ta haihu ita kaɗai ba a ji ɗuriyarta ba. Sai dai awo da rana ake yi, a ranar da kowa ya sani. Naƙuda kuwa ƙarfe biyun dare take tashi, maigida yana wurin ci-rani, ba mai cewa a tafi, mai mota ya ce sai an zuba mai, in damina ce kuma hanya ta yanke, kamar yadda muka gani a ambaliyar 2022.

Abin da ke kashe su sananne ne: zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Zubar jini bayan haihuwa yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Allurar da ke tsayar da shi sai an ajiye ta a firji, in ba haka ba zafinmu ya kashe mata ƙarfi, a yi wa mace ita kamar ba a yi ba. A 2023 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji da Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya. Wata leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai haihuwa, tana nuna yawan jinin da ya zuba, da zarar ya kai layi sai a haɗa mata magunguna gaba ɗaya ba a jira ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. 'Yar Kano ce ta jagoranci aikin a ƙasar nan, ledar ba tsada gare ta ba, ban ga dalilin da zai sa a rasa ta a ɗakin haihuwa ko ɗaya a jihar nan ba.

Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke riƙe da sashen haihuwa da na yoyon fitsari a Babban Asibitin Jahun, ta kuma tallafa wa asibitin Aujara. Allah ya saka musu. Amma zanen aro ba ya rufe katara. Baƙi ne, kuɗinsu na taimako ne, kuma duniya ta cika da yaƙe-yaƙen da ke kiransu. Ya kamata gwamnati ta soma karɓar aikin nan sannu a hankali tun suna nan ana koyo, da albashi da magani a cikin kasafin jiha.

Na san a Nuwamban 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi. Madalla. Amma wadda ta isa gadon tiyata da rai ce za ta amfana. Shirin Haihuwa Lafiya na jiharmu ya gane haka tuntuni, shi ya sa ya bai wa ƙauyuka motoci. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, tambayar ita ce wa ke zuba man, wa ke sayen taya. A ware kuɗin nan a hannun kwamitin mazaɓa, a biya direba a kan kowace mace da ya kai.

Sai ungozoma. Wadda aka turo daga nesa ba ta daɗewa, kuma ba na ganin laifinta in ba ɗaki, ba wuta, ba ruwa. A zaɓi 'yan matan Aujara da suka gama sakandare, a tura su makarantar ungozoma ta Birnin Kudu da sharaɗin su dawo gida, a gina musu masauki a cikin harabar asibiti don a same su da dare.

Akwai kuma matakin da ba ya cin ko sisi. A roƙi masarautar Dutse ta umurci hakimai da dagatai, limamai kuma su faɗa a huɗuba, cewa kowane magidanci ya ba da izini tun cikin yana ƙarami, a gaban mahaifiyarsa da maƙwabcinsa, duk sa'ad da naƙuda ta zo a tafi ko yana nan ko ba ya nan. Haka kuma a rubuta sunayen samarin unguwa masu ba da jini, da rukunin jinin kowa, a kai wa asibiti.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Aujara